Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Kan Gayya Bayan Wutar Daji



Kowa a nan ya san abin da wutar daji take yi mana tsakanin Paraku da Jugu idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu. Dare ɗaya ta cinye ciyawar da za ta kai shanu bazara. Wanda wuta ta cinye masa makiyaya hanya biyu ta rage masa: ko ya kai shanunsa kasuwa a saye su da arha, ko yunwa ta tura su gonar doya da lambun kaju, rigima ta tashi. Wannan muke so mu tare, kuma mutum ɗaya ba zai iya ba.

Masu son taimako suna da yawa, tsari ne babu. Saboda haka ƙungiya ta raba aikin kamar haka.

Na ɗaya, kowane ardo ya ba da samari biyu masu babur. Su zagaya rugagen da wuta ta taɓa, su rubuto sunan mai garke, yawan dabbobinsa da abin da ya ƙone. Wanda ba a rubuta ba, rabo zai wuce shi.

Na biyu, dillalan kasuwar Turu da ta Kolokonde su riƙe asusu ranar kasuwa. Kuɗi, dusa, harawa, ƙwayar auduga, duk muna karɓa, a rubuta a gaban shaidu. Shanun tatsa da maruƙa za a fara ba.

Na uku, wanda ya rasa dabbobi, a raya masa habbanaye: a ba shi aron karsana har ta haihu, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Na huɗu, dattawa su sami masu gari da ma'aikatan gandun daji. Dokar daji ta 1993 ta yarda da ƙunar wuri, tun ciyawa da sauran ɗanye, ta hana ƙunar rani. Mu kiyaye ta, mu kuma nemi mafarauta da manoma su kiyaye. Ranar sharar hanyar tare wuta a gefen gonaki, a ga 'ya'yanmu da adda a hannu tare da na manoma.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda zai shiga gayyar ya ba magatakarda sunansa kafin mu watse.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.