Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gyaran Ƙasar Noma Tun Daga Kaka

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi in yi magana a kan gyaran ƙasa domin damina mai zuwa. Wani zai ce ina ruwan ma'aikacin ofis a Abuja ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari da wannan batu? To, da wuya a sami mutum ɗaya a zauren nan wanda ba shi da gonar gado a gida, ko ɗan uwan da yake jiran aikensa idan hadari ya fara haɗuwa. Al'adar da yawancinmu muka saba da ita ita ce, sai watan Yuni ya kama, ruwa ya sauka, sannan a aika da kuɗin buhun takin zamani. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amfanin da za a girbe baɗi, tun daga kakar bana ake kafa harsashinsa.

Mu fara da sanin irin ƙasar da muke da ita. Mafi yawan gonakinmu, musamman wajen Ɓaɓura zuwa iyakar Nijar, jigawa ce, wato rairayi. Tana da sauƙin noma, gero da gyaɗa da riɗi suna son ta, amma ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe abincin shuka. Idan aka zuba mata takin zamani ita kaɗai, ruwan sama biyu ko uku masu ƙarfi sun isa su wanke wani kaso nasa zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Abin da ke sa rairayi ya riƙe ruwa da taki shi ne ruɓaɓɓen abu: kashin dabbobi, ganye, kara da ƙaiƙayi. Shi ya sa takin zamani ba ya maye gurbin takin gida. Tare suke aiki, kuma na gida shi ne gaba.

Iyayenmu sun san haka. Bature mai bincike, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya nuna yadda manoma suke nome gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba, saboda duk rani jakuna ne ke jigilar taki a mangala daga gidaje da birni zuwa gonaki. Haka nan akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi: bayan an kwashe amfani, Bafulatani ya sauka da garkensa a gonar, shanu su ci kara su bar taki, mai gona kuma ya ba shi hatsi. Yau kara ya zama kuɗi. Ana kwashe shi ƙaf, a sayar ko a hura wuta, a bar gona tsirara wata bakwai ko takwas, iskar hunturu da guguwar bazara suna yashe samanta, inda nan ne albarkar take.

Saboda haka aikin farko na kaka shi ne a rage wa gona wani abu. A ɗebi harawa da karan da ake bukata, amma a kwantar da saura a ƙasa. Gara za ta ci, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Lokacin sharar gona kuma a guji banka wuta, domin toka kaɗan ce ke saura, mafi yawan amfanin ya bi hayaƙi.

Aiki na biyu shi ne haɗa taki, kuma a nan nake so a saurara da kyau. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da irin ciyawa. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar mita 1. A shimfiɗa kara ko busasshen ganye, a bi da sharar turke da kashin kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a yi ta maimaitawa har ramin ya cika, sannan a rufe da ƙasa ko tsohuwar tabarma. Bayan kowane mako 2 ko 3 a juya shi, a ƙara ruwa idan ya bushe. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya gushe. Wanda ya fara a Nuwamba, kafin Maris ya gama. Idan an kai gona a bar shi tsibi-tsibi, kada a baza sai ruwa ya kusa, domin rana tana shanye ƙarfinsa. Mai lambu a fadama ko a gefen madatsun ruwanmu, shi ma wannan takin ne zai zuba a fangalinsa kafin dashen tumatir da albasa. Masu aiko da sharar bola daga birni kuwa, a tabbata an tsince leda da kwalabe da tsofaffin batura, don kada a kai wa gona cuta da sunan magani.

Na uku, itatuwa. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostireliya tare da manoman yankin suka karɓi dabarar barin kututture ya tofo: maimakon a sare duk tohon lokacin sassabe, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dasa ko reno ba. Gawo shi ne sarki a nan, domin yana zubar da ganyensa da damina, ya zama taki, bai kuma yi wa gero inuwa ba. Kalgo da sabara ma suna tare ƙasar da iska ta kwaso.

Na huɗu ya shafi masu gonaki a gindin duwatsun Roni da Kazaure, inda ruwa ke gudu ya bar faƙo. A jera duwatsu a gicciye da gangare domin rage gudun ruwa. A faƙon kuma a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu a kowanne, a shuka a ciki idan ruwa ya sauka. Mutanen Tawa suna kiran wannan tassa, kuma da irinta ne marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya raya matacciyar ƙasa har ya sami lambar yabo ta duniya a 2018.

Gonar da ƙuduji ya kama kuwa, tana shaida mana cewa ta gaji. Irinsa yana iya yin fiye da shekara 10 a cikin ƙasa yana jiran gero ko dawa. A tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a yawaita taki, baɗi a juya gonar zuwa gyaɗa ko waken soya.

'Yan uwa, tun daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin takin zamani, sannan cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙara kuɗin dako, ƙaramin manomi ba ya iya dogaro da buhu. Roƙona gare ku shi ne ku raba aikenku gida biyu. Rabi ya iso a watan Nuwamba, domin haƙa ramin taki, da sayen tumaki biyu ko uku da za a turke, da biyan mai kurar shanu. Ragowar rabin sai ya jira damina. Idan kun zo gida hutu, ku taka gonar da ƙafarku, ku ga ramin da idonku. Ina kuma ba ƙungiya shawara ta nemi malaman gona na hukumar JARDA su zagaya ƙauyukanmu da rani, kafin manoma su shiga hidimar shuka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.