Jami'o'in Gwamnatin Japan: Wace Ƙofa Ɗalibi Zai Ƙwanƙwasa?



A shekarar 2015 aka ba wani dattijo ɗan Japan mai suna Satoshi Omura kyautar Nobel a fannin likitanci. Mutanen karkara ba su san sunansa ba, amma aikinsa ya daɗe da shiga gidajensu. Daga wata ƙwayar halitta da ya tono a cikin ƙasa aka samar da maganin Mectizan, wanda ma'aikatan lafiya ke bi ƙauye-ƙauye suna rabawa, su tsayar da mutum jikin sanda su auna tsayinsa kafin su ƙirga masa ƙwaya, don maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Omura a Jami'ar Yamanashi ya yi digirinsa na farko. A wannan shekarar dai Takaaki Kajita ya karɓi tasa kyautar a fannin fiziks, shi kuma daga Jami'ar Saitama ya fito kafin ya wuce Tokiyo ya zauna gaban malaminsa Masatoshi Koshiba. Shekara guda kafin su, Shuji Nakamura, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙirƙiro shuɗin ƙwan lantarki na LED, wanda daga gare shi aka samu farin ƙwan da ke cikin kowace tocila a yau, ɗalibin Jami'ar Tokushima ne. Yamanashi da Saitama da Tokushima duk jami'o'in gwamnatin ƙasa ne da ke larduna. Wanda ya buɗe jerin manyan jami'o'in duniya a intanet zai gaji da gangarawa bai iso kansu ba.

Japan tana da jami'o'i kusan 800. Sama da 600 masu zaman kansu ne, irin su Waseda da Keio, kusan 100 na larduna da birane, sai na gwamnatin ƙasa, waɗanda suka koma 85 bayan haɗewar wasu biyu a Tokiyo a watan Oktoban 2024. Bakwai daga cikinsu su ne tsofaffin jami'o'in masarauta: Tokiyo da aka kafa a 1877, Kiyoto a 1897, sai Tohoku, Kiyushu, Hokkaido, Osaka, da autarsu Nagoya a 1939. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1949, aka yi gyaran da ya ba kowane lardi na ƙasar aƙalla jami'ar gwamnati ɗaya. Tun 2004 kowacce ke tafiyar da harkokinta da kanta, amma ma'aikatar ilimi ce ke tsayar da ma'aunin kuɗin makaranta.

Ma'aunin shi ne yen 535,800 a shekara, da yen 282,000 na shiga wanda ake biya sau ɗaya. Ɗalibin tarihi da na injiniya da na likitanci duk kuɗi ɗaya suke biya. A jami'o'i masu zaman kansu kuɗin kan kusan ninkawa, na likitanci kuwa ba a magana. Doka ta yarda jami'a ta ƙara har kashi 20 cikin 100 a kan ma'aunin, kuma Jami'ar Tokiyo ta yi hakan ga sababbin ɗaliban digirin farko daga 2025, kuɗinta ya koma yen 642,960. Shekaru da dama baƙo da ɗan ƙasa kuɗi ɗaya suke biya, abin da ɗalibin da ya saba jin labarin Ingila zai yi mamaki, inda baƙo ke biyan ninkin ba ninkin. Sai dai a 2024 ma'aikatar ta buɗe wa jami'o'i ƙofar caji baƙi fiye da haka, don haka dole uba ya duba shafin jami'ar da kansa kafin ya yi lissafi.

Tunda kuɗin kusan ɗaya ne daga Saporo har Nagasaki, tambayar wace ce ta fi araha ta faɗi. Tambayar da ta rage ita ce wajen wa za a je.

Tsofaffin malaman ƙasar Hausa za su gane wannan tsari nan take. A da, almajirin da ya ƙoshi ba ya cewa zai tafi gari kaza karatu kawai. Cewa yake zai je Zariya wajen malam wane ya karanta nahawu, ko ya yi gabas ya gyara tilawa, ya zauna a zauren malamin har ya sauke littafin. Karatun gaba da digirin farko a Japan haka yake. Ɗalibi yana shiga ɗakin binciken farfesa guda, a ba shi teburinsa a can, ya yini tare da ɗalibai goma ko ashirin, manya na koya wa ƙanana yadda ake riƙe kayan aiki, kowane mako a zauna ya faɗi abin da ya gano a gaban kowa. Farfesan ne zai sa hannu a takardunsa, shi zai nemo kuɗin binciken, sau da yawa shi zai haɗa shi da wurin aiki. Idan aka dace da shi, shekara biyu ko biyar za su wuce cikin albarka. Idan ba a dace ba, sunan jami'ar ba zai rage wa ɗalibi zafin zaman ba, kuma sauya ɗaki a tsakiyar karatu abu ne mai wuya a can.

Ga wanda ya fito daga yankin Sahel, wasu ɗakunan sun fi kusa da gonar ubansa fiye da yadda yake zato. Kowane manomin dawa da gero ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke manne wa saiwa ta tsotse amfanin gona tun kafin ta leƙo sama. Irinta kan kwanta shekaru a ƙasa, ba ya tsirowa sai ya ji ƙanshin wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. A Jami'ar Nagoya, masu bincike ƙarƙashin Yuichiro Tsuchiya sun haɗa wani sinadari mai suna SPL7 da ke yaudarar irin, ya tsiro a gonar da ba a shuka komai ba, ya rasa abin kamawa ya mutu. An buga sakamakon a mujallar Science a 2018. Jami'ar Kobe ma ta yi shekaru tana aiki a kan wannan ciyawa tare da masana na Sudan.

Lardin Tottori shi ne mafi ƙarancin jama'a a Japan, amma jami'arsa na da cibiyar binciken busasshiyar ƙasa da aka gina a gefen tudun yashi na bakin teku, inda ake nazarin fari da zaizayar ƙasa da noman ƙarancin ruwa. A Obihiro, can tsibirin Hokkaido mai sanyi, akwai ƙaramar jami'ar noma da likitancin dabbobi wadda cibiyarta ta ƙware a cututtukan jini na dabbobi, dangin sammoren da ke karya garken makiyayi. Nagasaki ta yi suna a cututtukan ƙasashe masu zafi, Akita kuma a ilimin ma'adinai tun 1910.

Sai labarin Shuichi Oyama na Jami'ar Kiyoto, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana zuwa wani ƙauyen Hausawa kusa da Dogondutsi a Nijar. Ya lura da yadda manoma ke kwashe sharar gida su zuba a faƙon da ya daina ba da komai. Ya bi abin a hankali, ya ga shara na tare yashin da iska ke kwasowa, gara na zuwa ci ta huda ramuka, ruwan sama ya samu hanyar shiga, irin da ke cikin sharar ya tsiro. Daga nan ya riƙa ɗauko bolar birni da mota yana shimfiɗawa a filayen da aka killace, har suka zama makiyaya. Ilimin manoman Dogondutsi ne ya zama darasi a Kiyoto, kuma ɗalibin da ya tashi yana kai taki gona da jaki yana da abin faɗa a wannan ɗaki wanda ɗan Tokiyo ba shi da shi.

Babbar hanyar shiga ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce tallafin karatu na gwamnatin Japan, wanda aka fi sani da MEXT, kuma tun 1954 ake bayar da shi. Yana ɗauke kuɗin makaranta, ya biya jirgi zuwa da dawowa, ya ba ɗalibin digirin farko yen 117,000 a wata, masu digiri na biyu da na uku kuma tsakanin 143,000 da 145,000. Ana nema ta ofishin jakadancin Japan da ke kula da ƙasar ɗalibi, a Najeriya na Abuja, ko ta hannun jami'ar da kanta. Mai neman gurbin bincike sai ya kasance bai kai shekara 35 ba, ya rubuta tsarin binciken da yake son yi, ya ci jarrabawa da ganawa, sannan ya samo takardar amincewa daga jami'ar da zai je. A wannan mataki na ƙarshe mutane da yawa ke tuntuɓe. Farfesan da ya buɗe wasiƙa ya ga an yabi jami'arsa da kalmomin da za su dace da kowace jami'a a duniya, ya san an aika wa mutum hamsin irinta. Wadda ke samun amsa ita ce wadda ta nuna mai ita ya karanta takardu biyu ko uku na farfesan, ya faɗi abin da ya fahimta, ya kawo tambayar da ƙasarsa za ta iya amsawa. Akwai kuma shirin ABE da aka sanar a taron Japan da Afirka na TICAD a Yokohama a 2013, wanda hukumar JICA ta Japan ke gudanarwa don matasan Afirka su yi digiri na biyu haɗe da sanin makamar aiki a kamfanonin Japan.

Batun harshe kuwa ba a yi masa kwaskwarima. Tun shirin da aka fara a 2009 da jami'o'i 13, ana samun kwasa-kwasai da Turanci zalla, musamman a kimiyya da injiniya a matakin digiri na biyu da na uku. Digirin farko galibi da Japananci ne: mai biya da kansa zai zauna jarrabawar EJU da ake yi a Yuni da Nuwamba, mai tallafin gwamnati kuma zai fara da shekara guda ta koyon harshe a Tokiyo ko Osaka. Haruffan Japananci da ake sa ran mai karanta jarida ya sani 2,136 ne. Ko wanda ke karatu da Turanci zai tarar takardar haya da ta asibiti da hirar ɗakin bincike bayan an tashi duk da harshen gida suke, kuma kamfanonin da ke ɗaukar baƙi aiki kan nemi shaidar jarrabawar harshe a mataki na N2 ko N1.

Gari ma yana cikin zaɓin. Kuɗin tallafi kusan ɗaya ne ko'ina, amma hayar ɗaki a Tokiyo na iya ninka ta Tottori ko Akita. Wanda zai kama ɗaki a wajen makaranta zai haɗu da kuɗin ajiya, da wani kuɗin godiya ga mai gida da ba a mayarwa, da buƙatar wanda zai tsaya masa, shi ya sa ya kamata a tambaya tun daga gida ko jami'ar na ba baƙi masauki, kuma na wata nawa. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 28 a mako bayan ya karɓi izini. Mafi ƙarancin lada a 2024 yen 1,163 ne a awa a Tokiyo, 951 a Akita. Wannan zai sayi abinci ya rage haya, ba zai riƙe ɗalibi da iyalinsa na gida ba, kuma wanda ya wuce awannin yana wasa da bizarsa. Inshorar lafiya ta ƙasa dole ce, da ita marar lafiya ke biyan kashi 30 cikin 100 na kuɗin magani.

Uwa za ta tambayi abin da yaronta zai ci da inda zai yi sallah, kuma tambayar a kan hanya take. Masallacin Kobe na tsaye tun 1935, akwai babba a Tokiyo, akwai wasu a Nagoya da Fukuoka da Sendai da Saporo, kuma ɗakunan cin abinci na wasu manyan jami'o'i kamar Kiyoto da Osaka na dafa na halal. A ƙaramin gari sai dai ɗalibi ya yi odar nama ta intanet ya koyi girki, ya kuma koyi karanta bayan kwali, domin man alade da giyar girki na shiga abubuwan da ba a zato. Ɗan Sakkwato da ya zaɓi Saporo ya sani dusar ƙanƙarar da ke zuba a can a shekara ta kai kimanin mita biyar. Girgizar ƙasa kuwa ta kowa ce: wadda aka yi ranar 11 ga Maris 2011 ta lalata gine-gine da kayan bincike a Jami'ar Tohoku da ke Sendai, aka gyara aka ci gaba.

Iyayen da suka ga an kwaso 'ya'yansu daga Yukiren a 2022 da Sudan a 2023, suka kuma ji gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Binin da Togo a farkon 2024, suna da hujjar tambayar ko takardar za ta yi aiki idan an dawo. Digirin jami'ar gwamnatin Japan ba ya cikin waɗanda ake wa kallon shakku, amma duk da haka sai ya bi ta ma'aikatar ilimi ta tarayya kafin a yi hidimar ƙasa, likita kuma sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci kamar duk wanda ya karanto a waje.

Shekarar karatu a Japan a watan Afrilu take farawa, wasu kwasa-kwasan kuma a Oktoba, kuma wajen Afrilu ofisoshin jakadanci ke fitar da sanarwar tallafin shekara mai zuwa. Fom ɗin kyauta ne, ba a bi ta hannun dillali, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi a rufe masa ƙofa. Ɗalibin da ke son ya nema a wannan zagaye ya zaɓi farfesoshi uku tun yanzu, ya sauke takardunsu ya karanta, malamansa na nan kuma su duba masa tsarin binciken kafin ya aika.