Jawabin Tunawa Da Baba: Soja, Manomi, Maigida

 

Yau shekara guda ke nan da Baba ya huta. Yaranmu sun san shi tsoho ne mai zama a bencin baya kusa da ƙofa, wanda ke riga kowa zuwa sujada. Ba su san abin da ya ratsa kafin ya iso bencin nan ba.

Yana saurayi ya shiga soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Kafin yaƙin, sojojin Nijeriya duka wajen 10,000 ne, amma da aka gama a Janairun 1970 sun haura 200,000. Ƙarin nan 'ya'yan talakawa ne irin Baba, waɗanda aka raba da fartanya aka miƙa musu bindiga. Bayan ɗan gajeren horo a Zariya aka tura shi Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa, wadda ta bi ta Nsukka ta kama Enugu a Oktoban 1967.

Mun sha matsa masa ya ba mu labarin yaƙi, bai taɓa yin fahariya da shi ba. Abu ɗaya yake maimaitawa, wato yaran da ya gani yunwa ta kumbura musu ciki. Shi ya sa ba a zubar da tuwo a gidansa, in jika ya watsar da hatsi a tsakar gida sai ya tsince shi tsaf. Da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, baƙi suka yi ta zuwa, ciki har da 'yan'uwanmu Ibo. Wasunmu, mu faɗi gaskiya, mun ja jiki. Baba ne ya fara kai musu damin gero, ya kuma matsa musu wuri a bencinsa.

Ya dawo gida lokacin da aka rage sojoji a ƙarshen shekarun 1970, ya tarar cutar 1975 ta karya noman gyaɗa a ƙasar Kano. Sai ya riƙe gero da dawa da wake, daga baya ya ƙara riɗi. Jakinsa bai huta da kai takin gida gona ba duk rani. Dabinon da ke bayan gidansa shi ya dasa, kuma har ƙarfinsa ya ƙare da kansa yake hawa ya ɗaura furen namiji a kan na mace domin ya yi 'ya'ya. A farin 1984 ya buɗe rumbunsa bai tambayi addinin kowa ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka ci wannan hatsi.

Fansho kuwa, kun sani. Sau nawa muka raka shi tasha da takardunsa cikin leda, ya je tantancewa ya kwana a layi ya dawo hannu wofi? Da dabinon da yake kaiwa kasuwar Shuwarin ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, mata da maza, har da marayu biyu na ƙanensa. Ba mu ce ba shi da aibi ba. Yana da zafi, wanda ya makara zuwa gona ya san muryar soja.

Yanzu ga abin da ya rage a wuyanmu. Gari ya matso, dillalan fili sun fara zuwa wurin Mama, ita kuwa ta ce muddin tana da rai ba za a yanka gonar nan fuloti ba. Amma ba ta iya noma ta, 'ya'yan kuma aiki ya kai su Kano da Abuja. Dattawa sun yarda za a yi mata gayya sau uku a daminar bana: shuka, noman fari da girbi. Matasa su rubuta sunayensu wurin magatakarda kafin a tashi. Mai shanun huɗa kuma ya ga ma'aji, a tsayar da rana.