Mutum Nawa Ne Ke Zama Jama'a a Gaban Alƙalin Amurka?



Batun da aka ɗora mini yau ƙarami ne a takarda, amma lauyoyin Amurka sun daɗe suna kai ruwa rana a kansa. A can, mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan kan shigar da ƙara a madadin duk waɗanda cuta iri ɗaya ta shafa, hukuncin kuma ya hau kan kowa, har wanda bai taɓa taka harabar kotun ba. Doka ta 23 cikin ƙa'idojin ƙarar farar hula na kotunan tarayya, wadda aka yi wa babban garambawul a 1966, ta gindaya sharuɗɗa huɗu kafin alƙali ya amince da irin wannan ƙara. Na farkonsu shi ne yawa: sai mutanen sun kai adadin da kawo kowannensu cikin shari'ar da sunansa zai yi matuƙar wuya.

To, nawa ne adadin? Dokar ba ta faɗa ba. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar General Telephone ta 1980, cewa ta yi a duba yanayin kowace ƙara, babu iyakar da aka yanke. Abin da aiki ya saba da shi dai, in an haura mutum 40 yawanci an wuce, in an gaza 21 da wuya. Tsakanin nan ne ake gumurzu.

Ra'ayina shi ne alƙalan ba kawuna suke ƙirgawa ba, ƙarfin mutanen suke aunawa. Ku dubi shari'ar Modafinil ta 2016. An zargi kamfanin Cephalon da biyan wasu kamfanoni kuɗi don su jinkirta fito da samfurin maganin Provigil mai araha. Masu sayen maganin kai-tsaye daga kamfanin, su 22, aka so a haɗa rukuni ɗaya, kotun farko kuma ta yarda. Kotun ɗaukaka ƙara da ke Filadelfiya ta soke amincewar, ta ce a koma a sake nazari. Me ya ja hankalinta? Uku daga cikinsu manyan dillalan magani ne, kuma kusan dukan kuɗin da ake nema nasu ne. Wanda ke bin irin wannan dukiya, yana da lauyoyinsa a ofis, zai iya zuwa kotu da ƙafarsa. Ba don irinsa aka buɗe wannan ƙofa ba.

Sai ku ajiye wannan kusa da shari'ar Robidoux ta 1993. Talakawa ne a jihar Bamont da hukuma ke jan ƙafa wajen duba takardunsu na neman tallafin abinci da na iyali. Matar da ke jiran tallafi don ta ɗora tukunya, da me za ta biya lauya? Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba dole sai haɗa su ya gagara gaba ɗaya ba, wahalarsa ta wadatar, ta kuma umarci a lura da talaucinsu, da warwatsuwarsu a faɗin jihar, da ko za su iya kai ƙara ɗaiɗai. Tun 1967 ma, a shari'ar Cypress, an karɓi rukunin likitoci baƙar fata 18 kacal da ke ƙarar wani asibiti a Bajiniya kan wariyar launin fata. An karɓi 18, an mayar da 22: lissafin ba na ɗan aji uku ba ne.

Sai dai kada a ɗauka hasashe ya isa. A shari'ar Marcus da BMW ta 2012, kan wasu tayoyin mota, mai ƙara ya dogara da cinikin ƙasa baki ɗaya, alhali rukunin nasa na jihar Niyu Jasi ne kawai. Kotu ta ce a kawo hujja kan mutanen jihar.

Yawa kuma shi kaɗai ba ya fisshe ka. A ƙarar Dukes da Wal-Mart, mata ma'aikata kusan miliyan 1.5 ake magana a kansu, ba wanda ya yi musun yawansu. Kotun Ƙoli ta rusa rukunin a 2011 a kan sharaɗi na biyu, don ba ta ga tambaya guda da ta haɗa ƙorafinsu ba, tunda manajoji daban-daban ne suka yanke shawarar albashi da ƙarin girma a dubban shaguna.

Ɗalibai, wata lamba na yawan rikita ku a jarrabawa, wato mutum 100. Tana cikin dokar 2005 da ake kira CAFA, tare da sharaɗin kuɗin da ake nema ya haura dala miliyan 5. Aikinta tantance ko kotun tarayya na da hurumin sauraron ƙarar. Ko an cika ta, sai alƙali ya dawo ya yi awon Doka ta 23 daga tushe.