Kunnen da Ya Mutu Farat Ɗaya: Jawabi ga Hakimai da Magatakarda



Akwai wata cutar jijiya wadda likitoci su ke kira MS a taƙaice. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya bayyana ta cikin 1868. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga, kamar yadda a ke naɗe wayar lantarki da roba. To, a wannan cuta sai dakarun jiki, waɗanda aikinsu tsare mutum ne, su juya su riƙa cin rigar nan, har saƙo ya kasa wucewa. Ta fi kama mata, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi yawa a ƙasashen sanyi kamar Kanada da arewacin Turai. A ƙasarmu kaɗan ce, amma ana samunta.

Wani lokaci ɓarnar ta kan faɗa a gindin ƙwaƙwalwa, inda jijiyar ji ta ke shiga. Sai mutum ya wayi gari kunnensa ɗaya ba ya ji, ko kuwa jin ya dushe cikin kwana uku, ba zafi, ba mugunya, sai dai ƙugi ko jiri. Kunnen kansa lafiya lau ya ke, hanyar ce ta yanke. Ashe kuwa ɗiga mai da sakace kunne ɓata lokaci ne.

Ga gwaji mai sauƙi. Ya rufe baki ya yi guɗa-guɗan sauti ta hanci. In ya fi jin sautin a kunnen da ya toshe, watakila dauɗa ce ko mura. In kuwa ya fi jinsa a lafiyayyen kunnen, lalle jijiya za a tuhuma.

Ba kowace kurumta irin wannan ce MS ta kawo ba. Sanƙarau da zazzaɓin Lassa sun fi ta kurumtar da mutane a nan. Likita ne zai rarrabe, da awon ji da hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Amma gaggawa wajibi ce, domin maganin da a ke bayarwa, watau sitiroyid, ya fi aiki cikin mako biyu na farko. Masu MS kuwa yawancinsu jin ya kan komo.

Saboda haka ina roƙonku ku sanad da dagatai da masu unguwa, duk wanda abin ya samu a kai shi babban asibiti cikin makon, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Magatakarda ya rubuta masa ranar da abin ya fara, da wane kunne ne, da ko ya taɓa fama da dushewar gani ko mutuwar gaɓa, gama waɗannan likita zai fara tambaya.