Gemun Masara Ba Ado Ba Ne: Jawabi a Taron Ƙungiya



An nemi in yi ɗan bayani a kan furen shuka, ganin yawancinmu da muka zauna nan Gombe, ko ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, yana da 'yar gonarsa wajen Kwadon ko Dadin Kowa.

To jama'a, fure ma yana da ɓangaren namiji da na mace. Na macen kashi uku ne: baki mai danƙo da ke cafke bununi, wato garin namiji, sai siririn bututu, sannan mahaifa a gindi, inda iri ke kwance. Mahaifar nan ita ce ke zama 'ya'yan da muke ci ko mu kai kasuwa.

Mu ɗauki masara. Namijin yana can ƙololuwa, macen kuwa tana cikin goyo. Kowane silin gemu guda ɗaya bututu ne da ya tafi zuwa ƙwaya ɗaya tak. In bununi ya faɗa kansa, cikin kamar awa 24 ya isa mahaifa. Silin da bai samu ba, gurbinsa giɓi ne. Shi ya sa kuke ɓare masara ku tarar da ita kamar bakin tsoho. Saboda haka kada a yanke kan masara a ba dabbobi tun gemu bai bushe ba. Masu noman rani a bakin Gongola kuma, kada ruwa ya yanke a makonnin da gemu ke fitowa, don ƙishi kan jinkirta shi har bununi ya ƙare.

Kankana da kabewa kuwa, furen namiji daban, na mace daban. Ku duba gindin fure, in kun ga ɗan ƙulu kamar jaririyar kankana, to macen ke nan. Rana ɗaya take buɗewa, da safe, kuma ƙudan zuma ne ke kai mata garin. Wanda ya yi feshin magani da hantsi ya kashe ɗan aikensa da hannunsa, sai 'ya'yan su zube ko su fito a karkace. In feshin ya zama dole, a bari sai yamma liƙis.

Don Allah wanda ya ji ya faɗa wa yaran da ke yi masa aikin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka.