Dutsen Rushmore da Batun 'Yanci

Dutsen Rushmore, wanda ke jihar Dakota ta Kudu a Amurka, tsauni ne da aka sassaƙa fuskokin shugabannin ƙasar huɗu a jikinsa tsakanin 1927 da 1941, kuma ana nuna shi ga baƙi a matsayin alamar 'yanci da mulkin jama'a. Sai dai yankin da tsaunin yake, yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar da shi ga al'ummar Lakota, wato 'yan asalin wurin, amma gwamnati ta ƙwace shi a 1877 bayan an gano zinariya a cikinsa. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa an karɓe ƙasar ba tare da diyyar da ta dace ba, ta kuma amince a biya su, amma har yau sun ƙi taɓa kuɗin, domin ƙasar kakanninsu suke nema. Ga shi kuma biyu daga cikin shugabannin, Washington da Jefferson, sun mallaki bayi. Muddin ƙasar ba ta koma hannun masu ita ba, bai dace a kira wannan dutse alamar 'yanci ba.